Gwajin sakin histamin a jini: kurakuran da sababbin hannu suka fi yi

Kowace shekara sababbin ɗalibai na shigowa ɗakin bincikenmu don auna yadda ƙwayoyin basofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, ke sakin histamin, sinadarin da ke kawo ƙaiƙayi da kumburi, idan suka haɗu da abin da ke tayar wa mutum da borin jini, wato alaji, kuma kowace shekara a wuri ɗaya ake tuntuɓe. Gwajin ba sabo ba ne. Tun 1964 Lichtenstein da Osler suka yi shi a Amurka da fararen ƙwayoyin jini da garin furen wata ciyawa mai suna ragweed. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta.

Babban abin da ke kashe aiki shi ne kwalbar da aka ɗebi jinin a ciki. Basofil ba ya sakin histamin sai da kalsiyam, EDTA kuwa, maganin hana jini daskarewa da ke cikin kwalba mai murfi shunayya, aikinta ke nan, ta kame kalsiyam ta hana shi amfani. Saboda haka idan ka ɗebi jini a kwalba mai murfi shunayya ka zuba masa ruwan gyaɗa ko na ƙurar ɗaki kai tsaye, ba abin da zai fito, ko da kuwa gyaɗa ɗaya na iya kai mai jinin asibiti. Kwalba mai koren murfi ake so, ta hefarin, wani maganin hana jini daskarewa daban. Wani ɗalibi ya taɓa haɗa mana jinin yara masu asma a kwalbar EDTA, don ita ya saba gani ana ɗauka a gwajin ƙidayar jini. Sakamako ya fito sifili daga sama har ƙasa, har ya fara rubuta cewa yaran ba su da alaji! Iyayen nan daga nesa suka zo, da ƙyar aka shawo kansu suka bari aka soki 'ya'yansu, da yawansu kuma ba su sake dawowa ba. Har yau abin na ci mini rai. Inda ake ruɗewa shi ne, EDTA ce daidai idan histamin da ke yawo a ruwan jini kake son aunawa. Wancan gwaji daban ne. Ka san wanda kake yi tun kafin ka taɓa allura.

Na biyu, kuma a nan ba na sassauci: rage kwalaben tantancewa wai don a tsimi magani. Uku ne, ba a cire ko ɗaya. Akwai wadda ba a sa mata komai sai ruwan gwaji, don a ga abin da ƙwayoyin ke zubarwa da kansu. Akwai wadda ake fasa ƙwayoyin gaba ɗaya, ta tafasawa ko zuba asid, don a san jimillar histamin da ke cikinsu, domin da ita ake fitar da kaso cikin ɗari. Sai ta anti-IgE, sinadarin da ke tayar da basofil ta hanyar IgE, wato garkuwar jikin da ke haddasa alaji. Ita ce aka fi yarwa, ita ce kuma mafi tsadar rashi, domin kusan mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma basofil ɗinsu ba ya amsawa ta hanyar IgE a kwalba, ko da suna da alajin gaske. To idan ba ka sa ta ba, da me za ka bambance wanda ba shi da alaji da wanda ƙwayoyinsa suka yi shiru? Ni ina ƙara fMLP, wanda ke tayar da basofil ta wata hanyar, don in tabbata ƙwayoyin na raye. Wasu na ganin ɓarna ce. Su suka sani, amma takardar da ba ta da anti-IgE ba na sa mata hannu.

Kada ka gwada da ƙarfin sinadari ɗaya tak. Idan ya yi yawa sakin na iya raguwa, don haka a tsarma shi mataki-mataki, kowane kashi ɗaya cikin goma na wanda ya gabace shi.

Zafi ma na cin mutane. Digiri 37 ake so daga farko har ƙarshe. Idan aka ɗauke wuta ruwan ɗumin da ake tsoma kwalaben a ciki ya huce, a sake, kada a yi ƙarin minti da ka. Ni ba na farawa sai na ji janareta na aiki, kuma ma'aunin zafi na daban nake tsomawa cikin ruwan, ban yarda da lambar da ke jikin na'ura ba. Lokaci na cika a kai kwalaben kan ƙanƙara, a juya su cikin sanyi a na'urar da ke raba ƙwayoyin jini da ruwansa.

Jinin da ya yini a jakar ɗan aike cikin zafin ranar Afrilu ya tashi daga aiki. Ni a ranar da aka ɗeba nake gwadawa, kafin azahar in da hali. Kada a girgiza kwalba, juyawa ake yi a hankali. Wajen kwasar ruwan sama kuma kada bakin fifet, bututun zuƙo ruwa, ya taɓa farin layin da ke kan jan jini, nan basofil suke, kaɗan ya shiga lissafi ya lalace.

A tambayi mai jinin magungunan da yake sha, musamman irin su prednisolone da dexamethasone, don suna danne basofil. Mutanenmu na saye a kemis ba tare da takardar likita ba, kuma da yawa ba sa ambatonsu sai an nuna musu kwalin.