Tausar hannu ga tsofaffi masu ciwon mantuwa

Kun dame ni da tambaya a kan me muke yi wa tsofaffin da ciwon mantuwa ya ci ƙarfinsu a gidan kula da tsofaffi inda nake aiki, waɗanda ko magana sun daina, to ga wadda na fi so.

1. Ki zaɓi hantsi. Da yamma rikicewarsu ta fi yawa.
2. Ki kashe talabijin.
3. Ki wanke hannu da ruwan ɗumi, ba wanda ke son hannu mai sanyi ya taɓa shi.
4. Ki zo ta gaban tsohuwar, ki zauna daidai fuskarta.
5. Ki kira sunanta ki faɗi naki. Don Allah banda "kin gane ni?", wannan tambayar tana tayar musu da hankali sosai.
6. Ki duba hannun, in akwai ciwo ko kumburi a bar shi.
7. Ki murza man kaɗanya kaɗan a tafinki.
8. Ki shafa a hankali daga yatsu zuwa wuyan hannu.

Hattara, nan ake kwafsawa: fatar tsoho kamar takarda take, musamman mai shan warfarin (maganin tsinka jini), ɗan matsawa kaɗan sai jini ya kwanta. Yatsun da suka dunƙule kuma kar ki buɗe su da ƙarfi.

9. Minti 5 kowane hannu ya isa.
10. In ta janye hannu ko ta ɓata fuska, ki tsaya, gobe ma rana ce.