Kafin ka sayi kwaɗo don gida ko wurin gini, tsaya ka duba waɗannan

Bara da hunturu aka shiga ɗakin ajiyarmu na wurin gini can wajen Arkilla a nan Sakkwato, aka kwashe buhunan siminti da injin jan ruwa da wayar wuta da ko kwance ta ba mu yi ba, da safe na zo na iske ƙaton kwaɗon da na saya yana nan a kulle lafiya lau yana reto, ashe ko taɓa shi ba su yi ba, ƙarfen da aka rataya shi suka ɓamɓare daga jikin kyauren don ƙusoshi kawai aka buga mai. Wallahi abin ya yi min ciwo, don kuɗin mai gida ne kuma amana ce a hannuna. Tun daga ranar in zan sayi kwaɗo ba daga kwaɗon nake farawa ba, daga ƙofar nake farawa.

To kai ma ɗan'uwa fara daga nan. Je ka tsaya gaban ƙofar ka kalle ta irin kallon da ɓarawo zai yi mata. In ƙarfen rataya kwaɗon da sukurori aka ɗaura shi kuma kawunansu na waje, duk mai sukundireba zai kwance shi cikin minti biyu ba tare da ƙara ba. Abin da ya dace shi ne noti mai tsawo wanda kansa mulmulalle ne, ya huda kyauren ya fito ta ciki a ɗaure shi daga can, in kuma ƙofar ƙarfe ce a kira mai walda ya liƙe shi gaba da baya, ba ɗan ɗigo biyu da suke yi su ce an gama ba. Ka duba maratayin ƙofar ma, in ana iya zare shi daga waje to kwaɗonka ado ne.

Sai kwaɗon kansa. In ka shiga Tsohuwar Kasuwa ko Babbar Kasuwa za ka ga su jere, mai 40, mai 50, mai 60, mai 70, wannan lambar faɗin jikin kwaɗon ce a milimita, kuma mutanenmu da ita kaɗai suke ciniki, a ba ni babba. Girman jiki ba shi ne ba. Wuyan kwaɗon, ƙarfen nan mai lanƙwasa, shi ne ake yankewa, don haka shi za ka fi dubawa. Na get ko shago ko wurin gini kar ka ɗauki wanda kaurin wuyansa bai kai milimita 10 ba, kuma ya zama ƙarfen da aka gasa ya yi tauri, galibi za ka ga an buga HARDENED a jikinsa, sai dai na jabu ma suna bugawa, shi ya sa ni nakan roƙi mai shago ya bar ni in ɗan goga magagari a kai, in na kirki ne magagarin zamewa zai yi, in ya fara ci to aje mai kayansa ku rabu lafiya.

Kuma kar dogon wuya ya ruɗe ka. Ina ganin mutane na son mai dogon wuya don ya fi sauƙin ratayawa, amma duk tsawon nan wuri ne ka ba almakashin yanka rodi ya kama, ko a zura ƙarfe a murɗa. Gajeren wuya ya fi, wanda jikin kwaɗon ya taso ya rufe wuyan ya fi shi, sai kuma zagayayyen nan kamar faifai da kamfanin Abus na Jamus ya fara fitarwa a 1949, wanda wuyansa kaɗan ne ke leƙowa, wanga kam in ya dace da ƙofarka kar ka yi jayayya da kuɗinsa.

Ga wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Buɗe kwaɗon ka kalli inda aka fafe a wuyan. In fafewar zagayayya ce kuma ɓangare biyu, to 'yan ƙwallayen boris ne ke riƙe shi a ciki, wannan ba ya buɗuwa don an buga mai guduma ko an zura mai ɗan gwangwani. In fafewar mai kusurwa ce kuma gefe ɗaya, sifirin ne kawai ke riƙe da shi, irinsa ne yara ke buɗewa da yankin gwangwanin lemo. Sannan ƙirga haƙoran makullin, biyar ko shida ya fi huɗu, don yawan haƙora yawan 'yan filolin da ke ciki ke nan. In ka ci karo da wanda aka rubuta EN 12320 a kwalinsa, ma'aunin Turai ne mai daraja 1 zuwa 6, na 3 ya isa gida, wurin da akwai kaya masu tsada ka nemi 4 zuwa sama.

Maganar suna kuma, Yale da Abus da Viro da Master Lock duk sunaye ne masu kyau, Tri-Circle ɗin Chaina da ya cika kasuwa shi ma na asalin ba laifi ga ɗakin cikin gida ko akwati. Matsalar jabu ce. Ɗauki biyu ka auna nauyi a hannu, duba rubutun ko ya fito tsaf, sa makulli ka murɗa sau biyar shida, sannan ka gwada makullin wani kwaɗon irinsa da ke kan teburin, in ya buɗe naka to ka san rabin gari na yawo da makullin ƙofarka.

Mu nan Sakkwato ƙura ce babbar abokiyar gabar kwaɗo, ta fi ruwa ɓarna. Don Allah a daina zuba baƙin mai ko man gyaɗa a ramin makulli, ranar farko zai yi laushi ka ji daɗi, bayan sati biyu na hunturu ƙura ta haɗu da man ta zama taɓo, filolin su maƙale, sai ka ga mutum da asuba yana dukan kwaɗonsa da dutse. Goga bakin fensir a haƙoran makullin ka sa ka fitar sau da yawa, ya wadatar. Na waje ka nemi mai jikin tagulla don ba ya tsatsa, ka yanko tsohuwar robar tayar mashin ka ɗaura ta rufe shi daga ruwan damina da ƙura, kuma ramin makullin ya kalli ƙasa.

Yanzu wurin gini. Ɗakin kwano da ake kafawa a fili ba ajiya ba ne, inuwa ce, da almakashi ake yanka bayansa. Kayan da ke da tsada, injin yankan ƙarfe, injin huda, wayar wuta, kan famfo, a sa mai walda ya yi musu akwatin ƙarfe da faranti mai kauri, milimita 3 in da hali, maratayin murfin ya zama daga ciki, kuma wurin kwaɗon a yi mai ɗan aljihun ƙarfe da zai shige ciki, hannu da makulli kaɗai ke iya shiga ta ƙasa. Sai a huda gindin akwatin a ɗaure shi da kankare, don in ba haka ba mutum huɗu za su ɗauke shi gaba ɗaya su sa a amalanke su je su buɗe a natse. Janareta da baro kuma sarƙa mai tauri, a ɗaure ta sama-sama kar ta kwanta ƙasa, in ta kwanta an samu wurin dukanta da guduma.

Rigimar da ta fi yawa a wurin aiki ita ce ta makulli, birkila na da ɗaya, mai gadi na da ɗaya, yaron da aka aika sayen abinci ya biya ya yanko nasa. Nan ne ɗan akwatin makulli mai lamba ke da amfani, wanda ake ɗaurawa a bango a aje makullin ciki. Ɗauki mai lamba huɗu, shi yawan lambobin da za a iya haɗawa a kansa 10,000 ne, mai uku 1,000 ne kawai, mai haƙuri zai zauna ya gama juya shi a dare ɗaya. Kar ka sa 1234 ko shekarar haihuwarka, kar ka ɗaura shi a get inda duk mai wucewa zai gani, yawancinsu jikinsu bai da ƙwarin da za su jure guduma, sirrinsu a ɓoye su, kuma duk ranar da wani ya bar aiki ko da lafiya aka rabu a canza lambar, ba zargi ba ne, tsari ne, ka faɗa musu tun ranar farko.

A gida kuma, takardun fili da na makaranta da gwal ɗin uwargida, akwatin ƙarfe na hana hannu amma ba ya hana wuta, duk wanda ya ga gobarar Babbar Kasuwa a Janairun 2021 ya san abin da zafi ke yi wa ƙarfe da abin da ke cikinsa. In takardu ne ka nemi wanda aka yi don jure wuta, ka kuma ɗauki hotonsu a waya. Sannan abin da ya fi damuna, mu masu kulle get da ƙofar ƙarfe daga ciki da dare, makullin ya kasance a ƙusa ɗaya kusa da ƙofar inda hannu ba ya kaiwa ta taga, uwargida ta sani, manyan yara su sani, a gwada buɗewa cikin duhu ko sau ɗaya ne, kuma kar a taɓa fita a kulle yara daga waje da kwaɗo.