Kurakuran da sababbin ma'aikatan gidan abinci ke yi da farar giyar Muscadet

Muscadet farar giyar inabi ce marar zaƙi, daga gonakin da ke kewaye da birnin Nantes a yammacin Faransa, inda kogin Loire ya kusa faɗawa teku. Da inabin Melon de Bourgogne ake yin ta, ƙarfinta kuma bai cika wuce kashi 12 cikin ɗari ba. Ƙamshinta kaɗan ne: lemun tsami, ɗanyen tuffa, sai ɗan gishiri-gishiri a ƙarshen kurɓa. Shi ya sa sakaci kaɗan ke lalata ta.

Babban kuskure shi ne sanyi. Firij yana kan digiri 4 ko kusa da haka, ita kuwa tana son 8 zuwa 10. Idan aka zuba ta kai tsaye daga firij, sanyin yana danne ƙamshin, ya bar tsami kawai a harshe, baƙo ya ce an sayar masa da ruwan lemun tsami da tsada. Ku fito da ita minti 15 kafin a buɗe. Idan kuma ta fi digiri 13, kaifinta ya tafi, ta zama salam. Ni dai bokiti nake amfani da shi: rabi ƙanƙara, rabi ruwa, kwalba ta nutse har wuya, minti 20. Ƙanƙara zalla ba ta sanyaya da sauri, domin iskar da ke tsakanin ƙanƙarar ba ta ɗauke zafi kamar ruwa. Firiza kuwa, haba! A cusa kwalba a manta, giyar ta daskare ta kumbura, ta turo toshiyar waje ko ta fasa kwalbar. Wanda kuma ya jefa ƙanƙara cikin kofin baƙo ba tare da an roƙe shi ba, ya tsinka abin da dama ba shi da kauri.

Kada ku cika kofi. Kashi ɗaya cikin uku ya isa. Kwalbar santilita 75 tana ba da kofi shida. Ƙafar kofin ake riƙewa, don tafin hannu yana ɗumama ta.

Giyar da aka rubuta sur lie a kwalbarta ta yi hunturu guda kwance a kan yis ɗin da ya mutu bayan ya gama aikinsa, kafin a zuba ta a kwalba. Daga nan take samun ɗan kauri da ɗan tsikari a harshe. Wannan tsikarin ba lalacewa ba ne, ku daina mayar da kwalba saboda shi, kuma kada ku juye ta a tulun gilashi, iska za ta ɗauke shi. Abin mayarwa shi ne warin jiƙaƙƙen kwali, alamar toshiya ta ɓata ta.

Sai abinci, inda raina ya fi ɓaci. Don me za a ɗauko giyar bakin teku a ajiye ta kusa da jan nama mai yaji? Barkono yana ƙara wa barasa raɗaɗi, nama mai maiƙo kuma yana binne ɗanɗanonta har ba a jin komai. Kayan zaƙi sun fi muni: bayan cokali ɗaya na kek, sai ta koma tsami da ɗaci. Abincinta kawa (halittar teku mai ɓawo) ɗanye, jatan lande, kaguwa, da farin kifi gasasshe da gishiri da lemun tsami. Tsaminta yana yanka maiƙon soyayyen kifi, yana kuma tafiya da beurre blanc, miyar bota da ƙananan albasa wadda asalinta ma yankin Nantes ne. Idan salak zai zo tare, ni lemun tsami nake sa wa a madadin binega, don binega ta fi ta tsami.

Kada ku gaya wa baƙo tana da zaƙi don sunanta ya yi kama da Muscat, inabin da aka sani da giya mai zaƙi. Inabinsu daban ne. Wadda aka saba sayarwa a sha ta cikin shekara biyu zuwa uku, amma ta garuruwan Clisson da Gorges na yankin, da ke daɗewa a kan yis, tana jure ajiya. Kwalbar da aka buɗe a toshe ta, a mayar firij, a ƙarar cikin kwana biyu ko uku.