Yadda za ka koma darasin tsallake shinge da doki bayan dogon hutu

Shekara shida na yi ban sa ƙafa a likkafa ba, aiki ya kai ni kudu. Ranar da na dawo Sakkwato na koma barga, sai na ce a ɗaga mini sanda daidai inda na bar ta, kusan mita ɗaya. Dokin ya zo gab da shingen ya turje, ni kuwa na wuce ta kan wuyansa na tsallake ni kaɗai. Tsohon da ke kula da bargar ya zo yana kakkaɓe mini ƙura, ya ce, "Alhaji, doki ba shi mantuwa, cinyar mutum ka mantuwa." Tun daga ranar na sake tsari, ga kuma yadda na bi.

Fara da jikinka, mako biyu ko uku kafin ka nemi malami. Tafiyar sauri ta minti 30 bayan asuba, tsugunno da miƙewa, sannan ka tsaya a bakin matakala da yatsun ƙafa ka saki dunduniya ƙasa, don haka ƙafarka za ta zauna a likkafa. Cikin cinya da ƙugu su ne ke fara cin amanar mahayi. In karaya ko ciwon baya ne ya raba ka da hawa, ga likita tukuna.

Sai kaya. Fatar da ta sha hunturu shida a ɗaki ta bushe, ko da ido bai nuna ba. Lanƙwasa igiyar likkafa da majanyi da hannu ka duba tsagewa, ka ja ɗinkin da ƙarfi. Wadda ta tsage ba a shafa mata mai a ce ta gyaru, sauya ta ake yi. Hular kwano kuwa, in ta taɓa bugun ƙasa ko ta haura shekara biyar, nemi sabuwa. Basakkwace ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan faɗuwa daga doki: gwamnanmu Shehu Kangiwa, ƙwararren mahayi, a wasan folo a Kaduna ya faɗi ya rasu a 1981.

A nan ne mutanenmu suka fi kuskure, don haka bari in ɗan daɗe. Sirdin hawan sallah, mai tudu gaba da baya da faffaɗar likkafa, an yi shi ne don ya riƙe mahayi daram ya zauna a miƙe ana kallonsa. Tsallake kuwa yana so ka tashi daga sirdi, ka karkata gaba, ka sakar wa doki bayansa da wuyansa. Wannan zaman wani hafsan sojan doki na Italiya, Federico Caprilli, ya fito da shi a farkon ƙarni na 20, shi ake koyarwa har yau. Sai da shimfiɗaɗɗen sirdi irin na turawa zai yiwu, kuma ka rage tsawon igiyar likkafa da huda biyu ko uku. Haka ma linzami. Namu na gargajiya mai zafi ne, taɓawa kaɗan doki ya yi zamiya. Ka fizge shi da wannan yana sama sau biyu, ya koyi cewa shinge ciwo ne, daga nan sai turjiya. Sa masa mai sauƙi, mai gaɓa a tsakiya.

Kada ka koma da ɗan doki mai zafin kai don a ce ka iya. Roƙi malam ya ba ka tsohon doki mai sanyi wanda ya san aikin, kuma ka faɗa masa gaskiyar shekarun da ka yi ba ka hau ba. Kunya ba ta hana faɗuwa. In dokinka ne kuma shi ma ya huta tare da kai, yana buƙatar makonni na kilisa kafin ya ga sanda, a gyara masa kofato, likitan dabbobi ya duba ƙafafunsa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da asibitin koyarwa na dabbobi a garin nan.

Darasi uku ko huɗu na farko ba tsallake. Tafiya, sassarfa, ƙaramar sukuwa, kewaye hagu da dama. Tashi tsaye a likkafa doki na sassarfa, ka ƙirga. In ba ka kai minti biyu ba tare da ka rataya a linzami ba, da sauranka.

Bayan nan a shimfiɗa sanduna huɗu a ƙasa, tazarar mita 1.2 zuwa 1.4 tsakaninsu, ka bi ta kai da sassarfa har ƙafar doki ta daina taɓa su. Sai a gicciya sanda biyu, tsakiyarsu kamar santimita 40, ka nufi tsakiyar. Zaɓi wata bishiyar dogon yaro can bayan shingen ka kafa mata ido, don mai kallon sanda a kan sanda yake sauka. Kama geza da hannu ɗaya, ba abin kunya ba ne, ya fi ka ja bakin doki. Idan wannan ya zauna, a miƙe sandar a santimita 50, a riƙa ƙara 10 sai bayan ka tsallake lafiya a darasi biyu a jere. Lokacin da za a jera shinge biyu, tuna takun doki a ƙaramar sukuwa ya kai kusan mita 3.6, amma dawakanmu da yawa gajerun taku ne, bar malam ya auna da dokin da ke gabansa. Tsallake takwas zuwa goma ya isa a rana, sau biyu a mako.

Zafin Sakkwato daga Maris zuwa Mayu yana haura digiri 40, don haka hawa daga bayan asuba ne zuwa ƙarfe takwas, ko bayan la'asar sakaliya. Taka filin da ƙafarka kafin ka hau. Busasshiyar ƙasa mai tauri tana dukan gaɓoɓin doki wajen sauka, yashi mai zurfi yana jan jijiya, da damina kuma santsi. A kwashe duwatsu da ƙaya gaban shinge da bayansa.

Kana sauka, sassauta majanyi, a zaga da doki har numfashinsa ya daidaita, a ba shi ruwa. Sannan ka durƙusa ka shafa ƙafafunsa huɗu daga gwiwa zuwa kofato. In ɗaya ta fi saura zafi ko ta kumbura, a zuba mata ruwan sanyi, gobe ba tsallake, a kira likita.