Kurakuran masu karatun al'adun Jamusawa don jarrabawar Jamusanci ta matakin B1

Na gaji da ganin sababbin ɗalibai suna cika littafi da hadda: katangar Berlin ta faɗi a 1989, an haɗe Jamus ranar 3 ga Oktoba 1990, jihohi 16 ne. Sanin wannan ba laifi ba ne, amma babu mai tambayarka shekara a ɗakin jarrabawa. Al'adar a bakin masu magana take zuwa maka, kuma nan ne na sha ƙasa.

Na shiga sashen sauraro ina ji da kaina, don wata shida na yi ina sauraron Jamusancin Berlin da Hamburg. Sai aka sako muryar wata mata ƴar Ostiriya tana maganar wani taro a "Jänner". Na tsaya ina lalube, ashe Janairu take nufi, abin da na sani da "Januar". Kafin in farga tambaya biyu sun wuce, hankalina kuma bai dawo ba har aka karɓi takarda. Maki 60 cikin 100 ake nema a kowane sashe, ni kuwa ban kai ba. Na sake biyan kuɗi, na sake jira. Abin haushin, da na bincika tun farko da na ga cewa Goethe-Institut, cibiyar koyar da Jamusanci ta Jamus, da ÖSD, hukumar jarrabawar Jamusanci ta Ostiriya, da Jami'ar Freiburg ta Suwizalan ne suka haɗu suka tsara jarrabawar. To don me za a hana mutanensu magana? Kamar wanda ya koyi Kananci ne zalla, a kai shi kasuwar Sakkwato.

Abin da nake yi tun daga lokacin: kowace safiya minti goma na labaran ORF, gidan rediyo da talabijin na Ostiriya, minti goma na SRF, na Suwizalan, ko da rabi nake fahimta. Ina da takarda mai gida uku manne a bango. Tumatir "Tomate" ne a Jamus, "Paradeiser" a Vienna ta Ostiriya. Keke "Fahrrad", amma "Velo" a Zurich ta Suwizalan. Jarrabawar gama sakandare "Abitur" a Jamus, "Matura" a sauran biyun.

Sai masu ɗaukar jihar Bavaria ita ce Jamus gaba ɗaya. Haba! Oktoberfest bikin Munich ne, babban birnin Bavaria, kuma a Satumba ake fara shi. Mutumin Hamburg "Moin" yake cewa a gaisuwa, ba "Grüß Gott" ta Bavaria ba, na Cologne kuwa Karneval ne bikinsa.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne ɗalibin da ya haddace bukukuwan Jamusawa amma bai iya bayyana nasa ba. A sashen magana dole ka faɗi yadda abin yake a ƙasarku. Na ga yaron da ya tashi a Kano ya kasa jimla uku a kan hawan sallah. Ka zauna ka rubuta da Jamusanci yadda ake biki, suna da cin kasuwa a garinku, ka karanta da ƙarfi har bakinka ya saba.

"Halb drei" ƙarfe biyu da rabi ne, ba uku da rabi ba. In ka ga "Strasse" (titi) babu harafin ß, ba kuskure ba ne, rubutun Suwizalan ne. Kuma kada ka kuskura ka ce wa malamin da ke jarraba ka "du", wato "kai" na tsakanin abokai.