Darasi na 7: Kula da kanari a keji

Kanari iri biyu aka fi gani a kejin mutane a Marwa, Garwa da Kuseri. Akwai mai ruwan ƙwai a ciki, bayansa kore-kore. Akwai kuma mai ruwan toka da farin ƙugu, wanda ba shi da kyan gani amma masu kiwo da yawa sun fi son muryarsa. Dukansu 'yan dajinmu ne. Namiji ke rera kuka mai tsawo, ta macen ba ta kai nan ba. Nauyin kanari bai wuce giram 10 zuwa 13 ba, don haka ba ya jure yunwa ko zafi na dogon lokaci.

Keji ya kai santimita 60 daga gefe zuwa gefe, domin tsuntsu a kwance yake tashi, ba sama ba. Tazarar waya kada ta wuce santimita 1, in ba haka ba zai cusa kai ya maƙale. A gitta sanda biyu masu kaurin fensir, ɗaya a kowane gefe. Kada a ajiye abinci ko ruwa a ƙarƙashin sanda, kashi zai zuba ciki.

Abinci

Gero shi ne tushen cimarsa, ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu a rana. A ƙara masa riɗi kaɗan, ba da yawa ba, don mai ya yi masa yawa. Kan ciyawa mai 'ya'ya da ɗanyen latas wanda aka wanke suna da kyau. A daka ɓawon ƙwai da aka dafa, a haɗa da yashi mai tsabta a wani ɗan murfi.

A nan ne aka fi yin asara. Kanari yana ɓare ƙwaya ya ci, ya bar ɓawon a cikin kwano. Mai shi ya leƙa ya ga kwano cike, alhali ƙaiƙayi ne zalla. Kwana ɗaya ko biyu a haka ya isa ya kashe shi. Kowace safiya a fito da kwanon, a hura shi da baki, ɓawon ya tashi, sannan a ga abin da ya rage.

A kiyayi gero iri uku: wanda ya yi fumfuna, wanda aka barbaɗa wa maganin ƙwari a rumbu, da irin shuka mai launin ja ko kore. Na ukun nan guba ne, ko ƙwaya kaɗan ce. Kada a ba shi fiya, kada a ba shi abinci mai gishiri.

Ruwa, zafi da hayaƙi

A sake ruwan sha kullum, a wanke kwanon har santsin ya fita. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Marwa da Njamena. A lokacin a sake ruwa safe da rana, a sa faranti mara zurfi don wanka. Keji ya zauna a inuwa mai iska, nesa da rufin kwano. A tuna inuwar safe ba ita ce ta azahar ba. Idan ya buɗe baki yana haki, ya saki fikafikai, zafi ne ya kama shi.

Da hunturu a rufa wa kejin zane da dare, a bar gefe ɗaya. Hayaƙin murhu, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, duk suna lalata huhunsa. A fitar da keji kafin a fesa ɗaki.

Idan ya daina kuka

Sau ɗaya a shekara kanari kan zubar da gashi ya sake sabo, mako 6 zuwa 8. A lokacin yakan daina kuka, amma shirun nan ba ciwo ba ne. A ba shi ɗan dafaffen ƙwai, a kwashe ragowar kafin ya lalace. Amma in yana ta susa da dare, a zargi ƙuma irin ta kaji, wadda ke ɓuya a tsagar katako da rana. A rufe kejin da farin ƙyalle, da asuba a duba: za a ga jajayen ɗigo suna motsi. A fitar da tsuntsun, a ƙona tsofaffin sandunan, a wanke kejin da tafasasshen ruwa, a shanya a rana. Wanda ya kumbura gashi, ya sauko ƙasan keji yana barci da rana, a ware shi a nemi malamin dabbobi.

Aikin gida: idan kanari ɗaya yana cin cokali 2 a rana, cokali nawa kanari 3 za su ci a mako guda? Rubuta amsar da lamba da kuma kalmomi.