Yadda na samu allon wayata ya fito a kwamfuta

Kwana biyu ina fama da scrcpy, manhajar da ke nuna allon wayar Android a kwamfuta. So nake allon wayata ya fito a laftof, in nuna wa ɗalibaina yadda ake cike fom a intanet. Ko yaushe na kunna ta, sai ta ce ba ta ga waya ba.

Da farko Windows na zarga, na sake sauke direba, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane waya. Shiru. Na canja ramin USB, na kashe kwamfutar na kunna, duk a banza. A wayar kuwa tuni na shiga About phone, na danna Build number sau 7, na kunna USB debugging a Developer options, saitin da ke barin kwamfuta ta sarrafa waya ta kebul.

Da na rubuta adb devices a kwamfutar, umarnin da ke jero wayoyin da aka jona, jerin ya fito fayau, alhali wayar tana caji lafiya lau. Ashe kebul ɗin ne. Na wata tocila ne da na tsinta a durowa, wuta kawai yake kaiwa, ba ya ɗaukar bayanai.

Na ari na ƙanwata na jona. Lambar shaidar wayar ta bayyana a jerin, amma da unauthorized a gefenta, wato ba a ba kwamfutar izini ba, don allon a kulle yake. Da na buɗe sai ga tambayar Allow USB debugging. Na zaɓi Always allow from this computer, na danna Allow, na sake kunna scrcpy. Alhamdulillahi, sai ga allon!

Hoton ya riƙa sarƙewa don laftof ɗin ta tsufa, sai na rubuta scrcpy -m 1024 don rage girman hoton, ya daidaita. Sauti dai sai Android 11 zuwa sama, tawa kuwa 10 ce.